Zaɓen Na'urar Tace Ruwa a Gida: A San Ciwo Kafin a Sayi Magani

Jawabin yau a kan ruwan sha ne, da yadda maigida da uwargida za su zaɓi abin da zai gyara musu ruwan da iyalinsu ke sha.

Dalilin jawabin kuwa a fili yake. Yawancin gidajen Nijeriya ba su da famfon hukuma. Waɗansu rijiya suke ja, waɗansu sun haƙa burtsatse, waɗansu suna saye wurin 'yan garuwa, waɗansu kuma rafi ko tafki ne madogararsu. Duk wanda ya haƙa rijiya a gidansa ya zama hukumar ruwa ta kansa, nauyin gwaji da na tsabtacewa duk suna wuyansa. 'Yan kasuwa sun gane haka, shi ya sa kantuna daga Sabon Garin Kano har zuwa Anacha da Ikko suka cika da na'urori iri-iri, kowane mai talla yana rantsuwa tasa ta fi. Sai mutum ya zuba kuɗi masu yawa, ya koma gida da ƙarfe mai ƙyalli, ya saki jiki, alhali kuwa abin da ke damun ruwansa yana nan daram.

Maganar da wannan jawabi yake so ya bari a kunnen kowa guda ɗaya ce: ba a sayen magani sai an san ciwo. Kowace na'ura tana da aikin da aka ƙera ta dominsa, tana kuma da abin da ba ta iyawa. Hausawa sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Haka nan ya kamata mai sayen mataci ya san abin da matacin yake tarewa da abin da yake bari ya wuce.

Illolin Ruwa Kashi Huɗu Ne

Na farko shi ne laka da datti, watau abin da ido yake gani. Ruwan rafi da damina, da ruwan rijiyar da ba a ɗaure bakinta ba, sukan zo a gurɓace kamar kunu. Ita laka ba kasafai take kisa da kanta ba, amma tana ba ƙwayoyin cuta maɓoya, tana toshe mataci, tana kuma rage ƙarfin maganin da aka zuba a ruwa.

Na biyu, wanda ya fi kowanne haɗari, shi ne ƙwayoyin cuta masu shiga ruwa daga bayan gidan mutum da kashin dabbobi. Su ne ke kawo kwalara da taifod da atuni da gudawar yara da waɗansu nau'o'in ciwon shawara. Ido ba ya ganinsu, harshe ba ya jinsu, ruwa yakan yi garau yana ɗauke da ajali. A shekarar 1991 kwalara ta kashe mutum fiye da 7,000 a Nijeriya. A 2021 kuma an lissafa mutum fiye da 111,000 da ake zaton sun kamu da ita, fiye da 3,600 daga cikinsu suka rasu.

Na uku shi ne guba narkakkiya, wadda ta haɗe da ruwa kamar yadda sukari ke haɗewa da shayi. A ciki akwai dalma, akwai fuloraid, akwai naitiret, akwai kuma dangin man fetur. A 2011 rahoton Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa waɗansu rijiyoyin Nisisioken Ogale a ƙasar Ogoni suna ɗauke da benzin fiye da ninki 900 na haddin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa. A wajajen Langtang ta Jihar Filato da Kaltungo ta Jihar Gombe an daɗe da sanin yawan fuloraid a ruwan ƙasa, alamarsa kuwa ita ce haƙoran yara su yi dabbare-dabbaren ja. In ya yi tsanani yakan lanƙwasa ƙashi, kamar yadda ya faru da ɗaruruwan yara a Tibiri, kusa da Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, waɗanda suka girma da ruwan wata burtsatse. Naitiret daga masai da takin zamani yake sauka cikin rijiya, jarirai ne kuma ya fi cutarwa, domin yana hana jininsu ɗaukar iska. Annobar gubar dalma ta 2010 a Zamfara, wadda ta kashe yara aƙalla 400, daga ƙurar dutsen zinariya ta taso, amma gargaɗi ce ga duk mai rijiya kusa da wurin haƙar ma'adinai. Abin lura a nan shi ne tafasawa ba ta cire ko ɗaya daga dalma da fuloraid da naitiret. Sai ma ta ƙara musu ƙarfi, domin ruwa ne ke tashi tururi, guba tana zaune a tukunya.

Na huɗu shi ne zartsi. Kalmar ta haɗa abu biyu waɗanda maganinsu ya bambanta. Akwai zartsin gishiri, irin wanda ake samu a gaɓar teku, da wuraren da gishiri ke fitowa daga ƙasa kamar Awe da Keana a Jihar Nasarawa, ko Uburu da Okposi a Jihar Ebonyi. Akwai kuma zartsin farar ƙasa, wanda ke samuwa idan ruwa ya ratsa dutse ya narko kalsiyam da magnisiyam. Ana sa ran samun wannan a inda dutsen siminti yake da yawa, kamar Kalambaina a Sakkwato, da Ashaka, da Gboko, da Nkalagu, da Ewekoro. Shi ne ke hana sabulu kumfa, ya bar farin ƙanzo a gindin butar shayi, ya toshe bututu, ya lalata ƙarfen na'urar ɗumama ruwa. Ɗan'uwansa a ɓarna shi ne tsatsar ƙarfe, wadda ke sa ruwan burtsatse ya fito fari, jim kaɗan ya koma ja, ya ɓata fararen tufafi.

Wajen haɗari, ƙwayoyin cuta ne kan gaba, domin suna iya kisa cikin kwana ɗaya. Guba narkakkiya tana biye, ita a hankali take cin jiki. Zartsin farar ƙasa shi ne na ƙarshe, domin aljihu yake cuta. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta sa masa wani haddi na lafiya ba, kalsiyam da magnisiyam ma abubuwa ne da jiki yake bukata. Saboda haka wanda ya kashe kuɗinsa wajen cire zartsi ya bar ƙwayoyin cuta, ya yi gyaran gangar auzinawa.

Abin da Tarihi Ya Koyar

A shekarar 1892 kwalara ta faɗa wa birnin Hamburg na ƙasar Jamus, ta kashe mutum fiye da 8,000. Maƙwabcinsa Altona, wanda gidajensu ke manne da juna, daga kogi ɗaya suke sha, watau Kogin Elbe. Altona ma a ƙasa take ɗiba, bayan ƙazantar Hamburg ta riga ta shiga kogin. Duk da haka mutanenta kaɗan suka mutu in an gwada da na Hamburg. Bambancin shi ne Altona tana bi da ruwanta ta cikin yashi a hankali kafin ta raba wa jama'a, Hamburg kuwa ba ta tacewa.

A nan gida ma akwai shaida. Ƙidayar da aka yi a 1988 zuwa 1989 ta gano masu kurkunu fiye da 650,000 a Nijeriya, adadin da ya fi na kowace ƙasa. Kurkunu ba shi da allurar rigakafi, ba shi da ƙwayar magani. Da ƙyallen tacewa, da sababbin rijiyoyi, da maganin da ake zubawa a tafkuna, da wayar da kan jama'a aka yaƙe shi, Cibiyar Carter da Janar Yakubu Gowon suna cikin waɗanda suka tsaya kan aikin. An ga mai kurkunu na ƙarshe a Jihar Inugu a watan Nuwamba na 2008, a 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijeriya ta rabu da cutar. Ƙyallen ya yi aiki ne domin an san abokin gaba: ɗan ƙwaron ruwan da ke ɗauke da kurkunu yana da girman da ƙyalle zai tare shi. Watau mataci mai araha, in ya dace da ciwon, ya fi mai tsada wanda aka saya da ka.

Sai An Gwada Akan San Na Ƙwarai

Matakin farko shi ne gwajin ruwa. Akwai abin da maigida zai iya dubawa da kansa. Ya zuba ruwa a farin kofin gilashi ya ajiye awa ɗaya, ya ga ko laka za ta kwanta, ko launinsa zai sauya. Ya sami kwalabe biyu, ɗaya da ruwan rijiyarsa, ɗaya da ruwan sama, ya sa musu sabulun wanki na sanda daidai wa daida, ya jijjiga. In na ruwan sama ya yi kumfa, na rijiya ya yi tsaki-tsaki kamar madarar da ta tsinke, to akwai zartsin farar ƙasa. Kada a yi wannan gwaji da garin omo, domin shi yakan yi kumfa ko cikin zartsi. Ya kuma auna tazarar da ke tsakanin rijiya da masai mafi kusa, nasa ko na maƙwabci. Ana so ta kai mita 30, masan kuma ya kasance a gangare.

Amma ƙwayoyin cuta da guba sai ɗakin gwaji. Ma'aikatar Albarkatun Ruwa ta Tarayya tana da ɗakunan gwaji a sassan ƙasa, haka kuma hukumomin ruwa na jihohi, da jami'o'i, da Cibiyar Nazarin Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Kaduna. A karɓo kwalba mai tsabta daga wurinsu, a cika ta yadda suka umarta, a ajiye ta cikin sanyi, a mayar da ita cikin awa 6 in da hali. Ya kyautu a gwada sau biyu, da rani da kuma tsakiyar damina, domin rijiyar da ta fita lafiya a watan Maris tana iya gurɓacewa a Agusta.

Sakamakon gwajin ana gwada shi ne da Ma'aunin Ruwan Sha na Nijeriya, wanda Hukumar SON ta fitar a 2007, aka sabunta shi a 2015. Ga kaɗan daga haddodinsa. Ƙwayar E. coli, wadda ke nuna bayan gida ya shiga ruwa, kada a sami ko ɗaya cikin mililita 100. A kowace lita, dalma kada ta wuce miligiram 0.01, fuloraid 1.5, naitiret 50, tsatsar ƙarfe 0.3, zartsin farar ƙasa 150, jimlar narkakkun abubuwa kuma 500. Da wannan takarda a hannu ake zuwa kasuwa.

Kowace Hanya da Iyakarta

Cire laka shi ne ƙofar shiga. A bar ruwa ya kwanta, ko a sa masa ɗan alif, ko dakakken ƙwallon zogale, misalin ƙwallo ɗaya a lita ɗaya, a motsa, a bar shi awa guda, a tsiyaye na sama. Ƙyallen auduga mai tsabta da aka ninka huɗu shi ma yana taimakawa. Binciken da aka buga a 2003 ya nuna ƙauyukan Bangaladash da suka riƙa tace ruwa da ninkakken zane sun rage kwalara da kusan rabi. Sai dai rabi ba duka ba ne. Ruwan da aka kwantar ya yi kyan gani, amma da sauran aiki. Haka kuma farin matacin nan da ake ɗaurawa a bututun burtsatse, wanda akan rubuta maikiron 5 a jikinsa. Maikiron ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin 1,000 na milimita, bakteriya kuwa misalin maikiron ɗaya ce, bairos kuma ya fi ta ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Saboda haka yashi da laka kaɗai wannan mataci yake tarewa.

Tafasawa tana kashe dukan ƙwayoyin cuta, in ruwan ya tafasa sosai yana ɓararraka na minti ɗaya. Illarta ita ce cin itace ko gas, da kuma cewa ruwan yana iya sake gurɓacewa da zarar ya huce.

Kulorin, na ruwa ko na ƙwaya, shi ne mafi araha, shi ne kuma manyan matatun ruwa na duniya suka dogara da shi tun farkon ƙarni na 20. A bi umarnin da ke jikin kwalba, a jira minti 30 kafin a sha. Ɗan warin da yake bari alama ce yana ci gaba da tsaron ruwan a cikin randa, abin da tafasawa ba ta yi. Amma ba ya aiki sosai cikin laka, akwai kuma waɗansu ƙwayoyi masu ɓawo da ba ya kashewa. Shi ya sa haɗa shi da tacewa ya fi.

Rana ma magani ce. A cika farar gorar roba mai tsabta, wadda ba ta wuce lita 2 ba, da ruwan da ba shi da laka, a kwantar da ita a kan kwanon rufi awa 6 cikin rana sosai. In akwai hadari ko hazo mai yawa, sai a bar ta kwana 2.

Matacin kyandir da matacin tukunyar yumɓu dangin juna ne. Ruwa yana tsatsowa ta cikin gasasshen yumɓu mai ƙananan ƙofofi, ya bar laka da yawancin bakteriya da ƙwayoyi masu ɓawo a baya. Ba sa bukatar lantarki. Tukunya ɗaya takan ba da lita 1 zuwa 3 a awa. Amma bairos yana iya wucewa, saboda haka a lokacin annoba a ɗiga kulorin bayan an tace. A riƙa goge kyandir da burushi mai tsabta ba tare da sabulu ba. Wanda ya tsage kuwa, ko da kamar silin gashi ne, ya tashi aiki.

Matacin yashi na gida, wanda David Manz na Jami'ar Calgary a Kanada ya daidaita a farkon shekarun 1990, jikan matacin Altona ne. Durom ne ko akwatin siminti mai tsakuwa a ƙasa da wankakken yashi a sama. Ƙarfinsa yana cikin wata 'yar yana mai rai da ke tsirowa a saman yashin, wadda ke cinye ƙwayoyin cuta. Tana bukatar mako 3 zuwa 4 kafin ta nuna, tilas kuma ruwa ya riƙa rufe yashin kullum, domin in ta bushe ta mutu. Shi ma ana bin ruwansa da kulorin.

Gawayin tacewa, wanda aka gasa ta hanya ta musamman, yana cire wari da ɗanɗano da kulorin da waɗansu magungunan feshi. Ba ya kashe cuta, ba ya cire zartsi. In ya tsufa ba a sauya shi ba, sai ya zama gonar bakteriya.

Fitilar UV tana kashe ƙwayoyin cuta da haske, ba ta ƙara wa ruwa kome. Sharuɗɗanta uku ne: ruwa ya zama garau, wuta ta kasance a kunne duk lokacin da ruwa ke wucewa, a kuma sauya fitilar kusan sau ɗaya a shekara ko da tana ci. Gidan da wutarsa ke yawan ɗaukewa, in ba shi da batir ko hasken rana, kada ya dogara da ita.

Matacin tantani, wanda 'yan kasuwa ke kira RO, yana matsa ruwa da ƙarfi ta cikin wani tantani mai ƙofofin da ko narkakken gishiri ba ya wucewa sosai. Shi ne maganin zartsin gishiri da fuloraid da naitiret da dalma. Amma yana son matsi mai ƙarfi, wanda yawanci sai da injin lantarki, ƙananan na gida kuma sukan zubar da lita 3 ko fiye a kan kowace lita ɗaya da suka tace. A tara wannan ruwa don shara da bayi. Ruwan sha da na girki kaɗai ya kamata a bi da su ta cikinsa. Rijiyar da man fetur ya shiga kuwa, barinta ya fi, a sanar da hukuma, a nemi wani ruwan.

Tsatsar ƙarfe maganinta iska ce. A sa ruwa ya zubo ta rariya daga sama ya sha iska, tsatsar ta fito ta yi ja, sa'an nan a bi da shi ta yashi.

Na'urar Cire Zartsi

Zartsin farar ƙasa ana auna shi da miligiram a lita. Ƙasa da 60 ruwa ne mai laushi, 61 zuwa 120 matsakaici, 121 zuwa 180 mai zartsi, abin da ya haura 180 kuwa mai zartsi ƙwarai. Wani sashe nasa tafasawa tana saukar da shi, shi ne farin ƙanzon da ake gani a buta, wanda ruwan lemon tsami yake narkarwa. Tun 1841 Thomas Clark na Abadin a Sikotilan ya nuna ana iya rage shi da farar ƙasa a manyan matatu. Na'urar gida ta zamani kuwa wata hanya take bi. Tulu ne cike da 'yan ƙwayoyin roba kamar ƙwan kifi, waɗanda aka ɗora wa sodiyam. Idan ruwa ya ratsa su sai su kama kalsiyam da magnisiyam, su saki sodiyam a madadinsu. In sun cika sai a wanke su da ruwan gishiri mai kauri, su koma aiki.

Daga wannan bayani mai sauraro zai gane abu huɗu. Na farko, musaya na'urar take yi, ba ta kashe ƙwayar cuta ko ɗaya. Na biyu, tana ƙara gishiri a ruwa: duk miligiram 100 na zartsi da ta cire, tana zuba misalin miligiram 46 na sodiyam, watau ruwa mai zartsi 300 zai fito da ƙarin sodiyam kusan 138 a lita. Saboda haka a bar famfo ɗaya a madafa wanda bai bi ta cikinta ba, domin mai hawan jini da mai ciwon ƙoda da madarar jariri. Na uku, ba ta maganin zartsin gishiri, sai ma ta ƙara shi. Na huɗu, tana cin gishiri muddin tana aiki, ruwan wankinta kuma yana kashe shuka in an juya shi lambu.

Gidan da ya cancanci saye shi ne wanda gwaji ya nuna zartsinsa ya haura 150 zuwa 200, yana kuma da bututu a bango da na'urar ɗumama ruwa ko injin wanki da zai yi asararsu. Gidan da ke ɗiban ruwa da guga ba ya bukatarta. Ya tari ruwan sama don wanki da damina, ya juya kuɗin ga kulorin da mataci.

In gida yana bukatar na'ura fiye da ɗaya, ga jerin da ake bi: a cire laka, a cire tsatsa, a cire zartsi, sa'an nan a kashe ƙwayoyin cuta daga ƙarshe. Laka da tsatsa suna lalata ƙwayoyin roba, zartsi yana toshe tantani, kulorin kuma yana cin tantanin, shi ya sa ake sa gawayi a gabansa.

Kafin a Biya Kuɗi

Tambaya ta farko: me na'urar take cirewa, ina kuma shaida a rubuce? Tun 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya take gwada na'urorin gida tana ba su tauraro ɗaya zuwa uku gwargwadon yadda suke cire ƙwayoyin cuta. Maganin kulorin kuma a duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aikinsa.

Ta biyu: za ta ishi gida? Iyali mai mutum 8, in an ƙiyasta wa kowa lita 5 na sha da girki, suna bukatar lita 40 a yini. Tukunyar da ke ba da lita 2 a awa sai ta yi awa 20 tana ɗiga ba hutu, watau guda biyu ake bukata. In mataci ya kasa, yara za su koma sha daga guga.

Ta uku: ana samun kayan sauyinta a garin, nawa ne kuma kuɗinsu a shekara? Kuɗin na'ura ba ya ƙarewa ranar saye. Kyandir da gawayi da fitila da tantani da gishiri duk abin sauyawa ne. Na'urar da kayanta sai an aika ƙasar waje, ado ce kawai bayan wata shida.

Ta huɗu: tana bukatar lantarki ko matsi, gidan yana da su? Ta biyar: wa zai kula da ita? Galibi uwargida ce da yara ke hulɗa da ruwa, saboda haka da shawararta za a saya, a kuma koya mata gyara.

A yi hattara da dabarun 'yan talla. Akwai mai tsoma sandunan ƙarfe masu lantarki a kofin ruwa, ruwan ya koma ja ko baƙi, ya ce ga dattin da ake sha. Launin daga narkewar sandunan yake fitowa, ko ruwa mai kyau haka zai yi muddin akwai ɗan ma'adini a cikinsa. Akwai mai nuna 'yar na'ura kamar alƙalami mai ba da lamba. Jimlar narkakkun abubuwa kaɗai take aunawa, ba ta ganin kwalara. Akwai kuma mai sayar da maganaɗisun da ake ɗaurawa a bututu. Ko me aka faɗa a kansa, ba ya fitar da kalsiyam daga ruwa.

Tsakanin Mataci da Baki

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2016 zuwa 2017 ya sami E. coli a misalin kashi 77 cikin 100 na ruwan da aka ɗiba daga tushe, amma a kofin da ake sha a gida ya kai kusan kashi 90. Watau a hanya da cikin gida ma ruwa yana ƙara gurɓacewa: a jarka, a buɗaɗɗiyar randa, a moɗar da aka ajiye a ƙasa, a hannun da ba a wanke ba. Saboda haka a zuba tataccen ruwa a mazubi mai ƙaramin baki da murfi, in da hali mai famfo a gindi. In randa ce, a yi mata moɗa mai dogon hannu, a rataye ta, kada a sha da ita. A wanke randa kowane mako, tankin sama kuma aƙalla sau biyu a shekara.

A taƙaice, a gwada ruwa tukuna. A fara da kashe ƙwayoyin cuta, domin wannan ya hau kan kowane gida, mai kuɗi da talaka. In gwaji ya nuna guba, a nemi matacin tantani ko a sauya rijiya. Zartsin farar ƙasa shi ne na ƙarshe, sai in da bukata, da kuma hali. A sayi abin da za a iya kula da shi, a kuma tsare ruwan har ya kai baki. Wanda ba shi da kuɗin na'ura kada ya karaya: ƙyalle mai tsabta da kwalbar kulorin da randa mai murfi, in an lizimce su kullum, sun fi na'urar dubban nairori da aka manta da ita a bango.

Ana roƙon masu unguwanni da malaman makaranta da ma'aikatan lafiya da shugabannin ƙungiyoyin mata su isar da wannan bayani ga waɗanda bai kai gare su ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.